Zanzibar a Cikin Tanzaniya: Haɗin da Jam'iyya Ke Riƙe da Shi Fiye da Doka

A ƙarshen shekarar 2000 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tanzaniya, wadda ita ce kotu mafi girma a ƙasar, ta yanke hukunci a shari'ar wasu mutum 18 'yan jam'iyyar adawa ta CUF, waɗanda gwamnatin Zanzibar ta tsare kusan shekara uku bisa zargin cin amanar ƙasa. Alƙalan suka ce tuhumar ba ta da madafa tun daga tushe, domin ƙasa mai cikakken 'yanci kaɗai ake cin amanarta, Zanzibar kuwa ta daina zama irin wannan ƙasa tun ranar 26 ga Afrilun 1964, ranar da ta haɗe da Tanganyika, wato babban yankin Tanzaniya na yau. Bayan shekara goma, a watan Agustan 2010, Majalisar Wakilan Zanzibar ta gyara kundin tsarin mulkin tsibiran, ta rubuta a sashe na farko cewa Zanzibar ƙasa ce, a sashe na biyu kuma cewa tana ɗaya daga cikin ƙasashe biyu da suka haɗu suka kafa Jamhuriyar Tanzaniya. Shi kuwa kundin tarayya na 1977, har yau sashensa na farko yana cewa Tanzaniya ƙasa ɗaya ce. Dukkan waɗannan maganganu suna nan da ƙarfin doka, ba a kuma daidaita su ba.

Zanzibar manyan tsibirai biyu ne a Tekun Indiya, Unguja da Pemba, tare da wasu ƙanana da ke kewaye da su. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9 a cikin 'yan Tanzaniya miliyan 61.7, wato kusan kashi uku cikin ɗari, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Duk da ƙanƙantarta, tana da shugaban ƙasa da mutanenta ke zaɓa, da majalisar ministoci da har yanzu ake kira Majalisar Juyin Juya Hali, da majalisar dokoki, da babbar kotu, da kotunan alƙalai masu duba aure da saki da gado bisa shari'ar Musulunci, da hukumar zaɓe, da tuta da taken ƙasa. Filaye, noma, lafiya, yawon buɗe ido da ilimin firamare da sakandare duk a hannunta suke. Sojoji, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, fasfo da hulɗa da ƙasashen waje kuwa na gwamnatin tarayya ne. Wannan rabo a takarda mai sauƙin fahimta ne, amma yadda aka kai gare shi, da kuma wanda ke da hurumin raba gardama idan an saɓa a kansa, nan ne rikicin yake.

Kafin haɗewar, Zanzibar daula ce mai tarihinta. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can a wajen 1840, garin ya zama babbar kasuwar bayi da hauren giwa da kanumfari a Gabashin Afirka. Birtaniya ta mai da ita ƙasar da ke ƙarƙashin kariyarta a 1890, ta bar sarki a kan karaga, ta kuma tafiyar da mulki bisa rarraba jama'a kashi-kashi: Larabawa masu gonakin kanumfari, Indiyawa 'yan kasuwa, Shirazawa 'yan asalin tsibiran, da baƙaƙen fata da suka fito daga babban yanki, waɗanda da yawansu jikokin bayi ne ko 'yan ƙwadago. Da aka fara siyasar jam'iyyu a shekarun 1950, sai jam'iyyun suka bi wannan layi. A zaɓen Yulin 1963 jam'iyyar Afro-Shirazi, ASP, ta Abeid Amani Karume ta samu kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujeru 13 kacal daga cikin 31, yayin da ƙawancen jam'iyyun ZNP da ZPPP ya kwashe 18 ya kafa gwamnati. A hannun wannan gwamnati Birtaniya ta miƙa mulki ranar 10 ga Disamban 1963, kuma kwanaki kaɗan bayan haka Zanzibar ta karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wata guda kawai gwamnatin ta yi. Ranar 12 ga Janairun 1964 wasu 'yan tawaye ƙarƙashin John Okello, wani ɗan asalin Yuganda, suka kifar da Sarki Jamshid, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawan gaske, adadin da masu bincike da dama ke ƙiyastawa da dubbai, wasu dubban kuma suka tsere. Wannan jini har yau yana ƙarƙashin siyasar tsibiran: ɓangare ɗaya yana ganin juyin a matsayin ranar da talaka ya samu 'yanci, ɗayan kuma yana tuna iyayen da aka kashe ko aka kora.

Kwana ɗari bayan juyin, ranar 22 ga Afrilun 1964, Karume da shugaban Tanganyika Julius Nyerere suka sa hannu a yarjejeniyar haɗewa, ta fara aiki ranar 26 ga watan, a watan Oktoba kuma aka raɗa wa sabuwar ƙasar suna Tanzaniya. An yi shawarwarin cikin sirri da gaggawa, kowane ɓangare da dalilinsa. Karume yana tsoron masu ra'ayin gurguzu da ke cikin gwamnatinsa, musamman Abdulrahman Babu da magoya bayansa, waɗanda suka fi shi ilimin zamani da alaƙa da China da Jamus ta Gabas. Nyerere, wanda sojojinsa suka yi masa bore a watan Janairun shekarar har sai da dakarun Birtaniya suka kawo ɗauki, ba ya son wuta ta ci gaba da ci a tsibirin da ke ƙofar Dar es Salaam, ga kuma aƙidarsa ta haɗin kan Afirka. Amurka da Birtaniya su ma suna fargabar kada a samu wata Kuba a gaɓar Afirka. Majalisar dokokin Tanganyika ta amince da yarjejeniyar, amma ko Majalisar Juyin Juya Hali ta Zanzibar ta zauna ta amince da ita kamar yadda sharaɗin ya tanada, wannan magana ce da masana shari'a ke jayayya a kai har gobe. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ba a tambayi jama'ar kowane ɓangare ba a lokacin, ba a kuma taɓa yin ƙuri'ar raba gardama a kan haɗin kansa ba tun daga ranar.

Tsarin da aka kafa shi ne na gwamnatoci biyu. Zanzibar ta riƙe tata gwamnatin don harkokin cikin gida, ita kuwa Tanganyika aka narkar da tata a cikin gwamnatin tarayya. Ma'ana, gwamnati guda ce ke kula da abubuwan da suka shafi ɓangarorin biyu, kuma ita ce dai ke tafiyar da harkokin babban yankin da ba su shafi Zanzibar ba. Nyerere ya bayyana dalilinsa daga baya: gwamnati ɗaya za ta sa a ce babba ya haɗiye ƙarami, gwamnatoci uku kuma nauyi ne da Tanganyika ce za ta ɗauka ita kaɗai, kuma hanya ce ta wargajewa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai sakamakon shi ne kowane ɓangare yana jin an zalunce shi. Mutanen Zanzibar suna cewa Tanganyika ba ta mutu ba, rigar tarayya kawai ta saka, tana amfani da sunan Tanzaniya wajen karɓar rance da tallafi da muƙaman jakadanci. Mutanen babban yanki kuma suna tambaya me ya sa tsibiran da ba su wuce kashi uku cikin ɗari na jama'a ba suke da mazaɓu 50 daga cikin 264 na majalisar tarayya, kamar yadda aka yi a zaɓen 2020, har 'yan majalisarsu suna jefa ƙuri'a a kan kasafin noma da lafiyar babban yanki, alhali ɗan babban yanki ba shi da ta cewa a majalisar Zanzibar, ba ya kuma mallakar fili a can kamar yadda ɗan Zanzibar ke mallaka a Dodoma ko Mwanza. Swahilawa suna kiran waɗannan koke-koke kero za Muungano, kuma an shekara da shekaru ana kafa kwamitoci a kansu.

Babban abin da ya fi ci wa 'yan Zanzibar tuwo a ƙwarya shi ne jerin abubuwan tarayya. Yarjejeniyar 1964 ta lissafa guda 11, cikinsu akwai tsaro, 'yan sanda, harkokin waje, zama ɗan ƙasa, shige da fice, rancen waje, harajin kuɗin shiga da kwastan, da tashoshin jiragen ruwa da na sama. Yau jerin ya kai 22. An ƙara kuɗin ƙasa da bankuna a 1965, man fetur da iskar gas a 1968, haka kuma ilimin jami'a da hukumar jarrabawa, sai rajistar jam'iyyun siyasa a 1992. Duk abin da ya shiga jerin ya fita daga hannun Zanzibar ke nan. Gwamnatin tarayya tana cewa an bi ƙa'ida, domin sauya jerin yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar kowane ɓangare. Masu suka suna cewa yarjejeniyar 1964 ita ce uwa, kundin tsarin mulki ɗanta ne, saboda haka majalisar da yarjejeniyar ta haifa ba ta da ikon faɗaɗa hurumin kanta. Akwai kuma wani alkawari da aka karya tun da wuri: yarjejeniyar ta ce a kira majalisar tsara kundi cikin shekara guda, amma a 1965 aka ɗage, aka ci gaba da kundin wucin gadi har zuwa 1977.

A zamanin Karume wannan duka bai dame shi sosai ba, domin a aikace yana mulkin tsibiran yadda ya ga dama. Ba zaɓe, ba majalisar dokoki, Majalisar Juyin Juya Hali ce ke yin doka da zartarwa, kuɗin kanumfari kuma yana ajiye su a asusun gwamnatinsa ba tare da ya miƙa wa babban bankin tarayya ba. Bayan an harbe shi ranar 7 ga Afrilun 1972, Aboud Jumbe ya gaje shi, ya sassauta mulki, ya ba Zanzibar kundinta na farko bayan juyi a 1979 da majalisar wakilai a 1980. Amma kuma shi ne ya amince a haɗe ASP da jam'iyyar TANU ta babban yanki ranar 5 ga Fabrairun 1977 aka kafa CCM, jam'iyyar da ke mulkin Tanzaniya tun daga lokacin. A ganina wannan rana ta fi 26 ga Afrilun 1964 tasiri a kan ikon Zanzibar. A lokacin ƙa'idar ita ce jam'iyya tana saman gwamnati, to da zarar jam'iyyar ta zama ɗaya, sai ya zama kwamitin da mafi yawan mambobinsa 'yan babban yanki ne yake yanke wanda zai shugabanci Zanzibar da abin da zai aiwatar, ko da batun ba ya cikin jerin abubuwan tarayya.

Jumbe da kansa ya ɗanɗana wannan. Da ya fahimci ikon tsibiran yana zagwanyewa, sai ya sa lauyoyinsa su shirya ƙara zuwa Kotun Musamman ta Tsarin Mulki, suna hujja da cewa yarjejeniyar 1964 gwamnatoci uku ta nufa. Takardar ta isa hannun Nyerere kafin a shigar da ita. A taron kwamitin zartarwar CCM a Dodoma a watan Janairun 1984 aka ce iskar siyasa ta gurɓata a Zanzibar, aka tilasta wa Jumbe ajiye dukkan muƙamansa. Shugaban da mutanen Zanzibar suka kaɗa wa ƙuri'a, taron jam'iyya ne ya sauke shi, a kan ya nemi kotu ta fassara doka. Ita wannan kotu kundin tarayya ne ya tanade ta don sasanta saɓani tsakanin gwamnatocin biyu, rabin alƙalanta daga kowane ɓangare, kuma har yau ba ta taɓa zama ba ko sau ɗaya. Shekara huɗu bayan saukar Jumbe aka kori Babban Minista Seif Sharif Hamad, ɗan Pemba, wanda jama'a ke kira Maalim Seif, daga muƙaminsa da kuma jam'iyya, daga baya aka ɗaure shi.

Da guguwar jam'iyyu da yawa ta zo, hukumar da Babban Jojin ƙasa Francis Nyalali ya jagoranta ta ba da shawarar a koma gwamnatoci uku. Aka karɓi shawararta ta buɗe fagen siyasa a 1992, aka ajiye wannan. A daidai lokacin Zanzibar ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, OIC, da fatan samun tallafi, aka ce ta taka kundi domin harkokin waje na tarayya ne, ta janye a 1993. Abin ya fusata wasu 'yan majalisar babban yanki su 55, suka gabatar da ƙudurin a maido da gwamnatin Tanganyika, har majalisa ta karɓa, sai Nyerere, wanda ya riga ya bar mulki, ya fito ya murƙushe yunƙurin ta hanyar jam'iyya. A 1994 kuma aka yi gyaran da ya taɓa zuciyar yarjejeniyar: tun 1964 shugaban Zanzibar mataimakin shugaban tarayya ne kai tsaye, sai aka soke wannan, aka koma tsarin ɗan takara da abokin takararsa, da sharaɗin su fito daga ɓangarori daban-daban, shugaban Zanzibar kuma ya zama mamba kawai a majalisar ministocin tarayya. Dalilin a bayyane yake: ana gudun ranar da ɗan adawa zai ci zaɓe a tsibiran ya zama na biyu a gwamnatin CCM.

Wannan fargaba ita ce ke bayyana abin da ya sa kusan kowane zaɓen Zanzibar yake zama tashin hankali. A 1995 aka ce Salmin Amour na CCM ya samu kashi 50.2, Maalim Seif na CUF 49.8, CUF ta lashe dukkan kujerun Pemba, masu sa ido da dama kuma suka yi shakkar ƙidayar. Bayan zaɓen 2000, a ranakun 26 da 27 ga Janairun 2001, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 35, mafi yawa a Pemba, wajen mutum 2,000 kuma suka tsere zuwa Kenya a kwale-kwale. Ya kamata a lura cewa 'yan sanda da sojoji na tarayya ne, don haka rikicin da ake kira na cikin gidan Zanzibar da ƙarfin tarayya ake kashe shi. Sulhu na gaske bai samu ba sai da Shugaba Amani Karume, ɗan Karume na farko, ya gana da Maalim Seif a watan Nuwamban 2009. Daga nan aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 31 ga Yulin 2010, kashi 66 cikin ɗari suka amince da gwamnatin haɗin kan ƙasa, inda jam'iyyar da ta zo ta biyu ke samun muƙamin mataimakin shugaba na farko da kujerun ministoci. Zaɓen 2010, wanda Ali Mohamed Shein ya ci da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari, ya wuce lami lafiya. Abin lura shi ne da 'yan CCM da 'yan CUF na tsibiran suka zauna tare, abin da suka fara haɗuwa a kai shi ne rubuta cewa Zanzibar ƙasa ce, shekara biyu bayan Firaminista Mizengo Pinda ya faɗa a majalisar tarayya cewa ba ƙasa ba ce.

Dama mafi girma ta warware matsalar ta zo a zamanin Shugaba Jakaya Kikwete, wanda ya kafa hukumar sake tsara kundi a 2012 ƙarƙashin tsohon Firaminista Joseph Warioba. Warioba ɗan CCM ne na asali, amma bayan hukumarsa ta zagaya ƙasa ta saurari jama'a, daftarin da ta kawo ya tanadi gwamnatoci uku, ya kuma rage abubuwan tarayya zuwa 7. Da daftarin ya isa majalisar tsara kundi a 2014, inda CCM ke da rinjaye, sai aka maido da gwamnatoci biyu, 'yan adawa suka fice ƙarƙashin ƙawancen UKAWA. Babban Lauyan Gwamnatin Zanzibar, Othman Masoud Othman, ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da wasu sassan, kwanaki kaɗan aka tuɓe shi. Ƙuri'ar raba gardamar da aka sa wa ranar 30 ga Afrilun 2015 aka ɗage ta, ba a kuma yi ta ba. A watan Oktoban shekarar aka yi babban zaɓe, kuma ana cikin bayyana sakamako shugaban hukumar zaɓen Zanzibar, Jecha Salim Jecha, ya soke zaɓen tsibiran baki ɗaya, yana cewa an tafka maguɗi, bayan Maalim Seif ya yi iƙirarin nasara. Amma ƙuri'un shugaban tarayya da 'yan majalisar tarayya, waɗanda mutanen nan dai suka kaɗa a rana ɗaya a rumfuna ɗaya, an ƙirga su an karɓa. CUF ta ƙaurace wa zaɓen da aka sake a watan Maris na 2016, Shein ya samu sama da kashi 90, gwamnatin haɗin kai kuma ta zama suna kawai har sai bayan zaɓen 2020, lokacin da Maalim Seif, wanda ya koma jam'iyyar ACT-Wazalendo, ya karɓi muƙamin mataimaki na farko a ƙarƙashin Shugaba Hussein Mwinyi. Ya rasu a watan Fabrairun 2021, Othman Masoud ya gaje shi.

Ba na ɗaukar tsoron masu kare gwamnatoci biyu a matsayin ƙarya. Haɗe-haɗen ƙasashe a Afirka ba su cika yin tsawon rai ba: Tarayyar Mali ta ruguje a 1960, ta Senegal da Gambiya ta mutu a 1989, a Kamaru kuma an soke tsarin tarayya a 1972, abin da ya biyo baya a yankin masu magana da Ingilishi kowa ya sani. Tarayyar da ɓangare ɗaya ya ninka ɗayan fiye da sau talatin a yawan jama'a, idan aka ba babban gwamnatinsa da taskarsa, gwamnatin tsakiya za ta iya zama mai roƙon kuɗi a hannunsa. Akwai kuma dubun dubatar 'yan Pemba da Unguja da ke kasuwanci da aure a Dar es Salaam da Tanga, waɗanda rabuwa za ta fi cutarwa. Sai dai hanyar da aka bi don guje wa wannan haɗari ta mai da ɗorewar haɗin ya dogara ga jam'iyya ɗaya ta riƙe gwamnatocin biyu a lokaci guda, kuma mutanen tsibiran ne ke biyan farashin hakan a kowace shekarar zaɓe.

Batun man fetur ya nuna yadda ake tafiyar da al'amarin a yanzu. Bayan shekaru ana ja-in-ja, dokar man fetur ta tarayya ta 2015 ta bar wa Zanzibar ikon kula da haƙar mai a yankinta, ita kuma ta yi tata dokar a 2016 ta kafa hukumominta, amma man fetur da iskar gas suna nan a jerin abubuwan tarayya da ke cikin kundi, ba a cire su ba. Haka batun kuɗi: kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa da hukumar da za ta ba da shawara kan rabo, amma abin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne kason wucin gadi na kashi 4.5 cikin ɗari da ake ba Zanzibar daga wasu kuɗaɗen tallafi. Tun watan Maris na 2021 'yar Zanzibar ce, Samia Suluhu Hassan, ke shugabancin Tanzaniya, kamar yadda Ali Hassan Mwinyi ya yi daga 1985 zuwa 1995, kuma a zamaninta an sanar da warware koke-koke da dama ta hanyar yarjejeniyoyi tsakanin ministocin ɓangarorin biyu. Waɗannan yarjejeniyoyi suna da amfani ga ɗan kasuwar da ake karɓar masa haraji sau biyu tsakanin tashar Zanzibar da ta Dar es Salaam, amma ba su da matsayin kundi, kuma gwamnatin da ta ba da su da alƙalami tana iya janye su da alƙalami, ba tare da Zanzibar tana da kotun da ke zama da za ta kai ƙara ba.